Muryar da Alƙali Ya Ji

Malachy Guckian manomi ne a Kilbrack. Shanunsa ba su taka kara sun karya ba, amma ra'ayinsa a kan ƙwallon Gael, wasan gargajiyar ƙasarsu da ake yi da hannu da ƙafa, ya ishi gunduma guda har a rage na gobe. Idan ka tsaya gaishe shi a ƙofar coci, to abincinka na rana sai dai ka ci shi da sanyi. A wurinsa wasan ya daɗe da mutuwa, jana'iza ce kawai ba a yi ba. A zamaninsu, in ji shi, mutum kan cafe ƙwallo a sama ya ɗirka mata ƙafa ta haye sandar raga, a ɗaga farar tuta, maki ya shiga. Yanzu kuwa ƙarti goma sha biyar sai miƙa wa juna ƙwallo da hannu suke yi a hankali, kamar dangi na karɓar jariri ranar baftisma. Masu sharhi a talabijin, waɗanda ke zana da'ira a kan allo cikin kwat mai sheƙi, babu wanda yake bari ya kai aya bai mayar masa da amsa daga kan kujerarsa ba.

Da aka kawo sababbin dokoki ya kushe su kaf, ban da guda ɗaya. Ita ce wadda ta ce duk ɗan wasan da ya mayar wa alƙalin wasa magana, a matsar da ƙwallo mita hamsin zuwa wajen ragarsu. In kuma ɗaya daga masu hidimar ƙungiya a bakin layi ne ya yi, a kai ta gaban raga a ba abokan hamayya bugu. Wannan kam ta kwanta masa a rai. Har rediyon gunduma ya kira ya ce da shi aka tambaya da mita ɗari za a sa, don yaran yanzu ba su da kunya.

A wannan kakar Kilbrack ta kai wasan ƙarshe na gunduma, abin da rabon a gani tun Malachy na da gashi a ka. Kyaftin kuma Fergal Prior ne, ɗan ƙanwarsa Attracta, mai gyaran lantarki da ke tashi daga aiki ya zarce atisaye, ba ko sisi da ake biyansa, kamar kowa a wannan wasa. Ana gab da ranar, mai kai wa 'yan wasa ruwa ya kwanta asibiti don aikin ƙugu, sai kwamitin ƙungiya ya ga dama ta samu a karrama kawun kyaftin. Aka ba Malachy 'yar rigar nan mai ruwan ɗorawa da ake ɗorawa a kan kwat, da kwandon gorunan ruwa. Tun a gida ya sa ta, ya juya gaban madubi. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, daga lokacin da ya zura ta ya daina zama ɗan kallo.

Ranar Lahadi aka wuni ruwa da iska. Lokaci ya kusa cika, maki kunnen doki. Malachy ya kasa tsayuwa wuri ɗaya, ya bi layi har ya yi nisa da koci da sauran, can ɓangaren da babu rumfar 'yan kallo. A gabansa Fergal da wani dogo suka yi tsalle kan ƙwallo, suka faɗo tare, alƙali ya busa ya ce Fergal ne ya yi ture. Wurin da nisa, babu ƙafar da za ta kai ƙwallo sanda daga nan cikin wannan iska. Fergal ya buɗe hannuwa na mamaki, sannan ya miƙa ƙwallon, bakinsa a rufe.

Wanda ya buɗe baki yana bayansa.

"Makahon banza! Ko tumakin ubanka ba za ka iya ƙirgawa ba!"

Alƙali ya waigo, ya ga rigar ɗorawa a jikin Malachy, ya miƙa hannu ya nuna. Fergal na tsaye daidai tsakaninsu. Sai alƙalin ya ɗauki ƙwallo ya fara takawa, bai tsaya ba sai gaban ragar Kilbrack. Bugun da yaron firamare ma zai ci. Farar tuta ta tashi, aka busa tashi.

Mutanen da ke rumfa can ƙetare ba su ji komai ba sai iska. Abin da suka gani shi ne kyaftin ya watsa hannuwa, alƙali ya nuna shi, ƙwallo ta yi tafiya. Alƙalin kuwa mutumin can ƙarshen gunduma ne, rakiya aka yi masa zuwa motarsa, babu wanda ke da sha'awar jin ta bakinsa. Malachy ya tattara gorunan ruwa ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, kai ne. Har ya isa gida babu wanda ya dafa.

Washegari yana cikin tarakta ya kunna rediyo, abin da da yana da hankali da bai yi ba. Dessie Tighe ne ke magana, tsohon ɗan wasan da ya koma sharhi, mutumin da Malachy ya sha cewa bai san gabas da yamma ba.

"Ni ba na son kama suna," in ji Dessie, "amma in kai ne kyaftin, kana sanye da rigar garinku, ka san doka, sai ka ja bakinka ka ɗinke. Mutum ɗaya ya zubar da wahalar shekara guda."

Masu kira suka biyo baya. Wani ya ce girman kai ne. Wata ta ce tun yana ƙarami haka yake, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Wani kuma ya ce ai Malachy Guckian ya daɗe yana faɗin rashin kunyar yaran yanzu, ga shi ta fito a cikin gidansu. Malachy ya kashe rediyon. Lambar gidan rediyon na cikin wayarsa, yatsansa ya san hanya ko da ido a rufe. Ya zauna yana kallon ta har gilashin tarakta ya yi hazo, sannan ya mayar da wayar aljihu.

Ya san garinsu. A Kilbrack wasa ɗaya kan raɗa wa mutum sunan da zai bi shi kabari. Akwai Tommy Sanda, wanda ya buga wa sandar raga ƙwallo a wani wasan ƙarshe tun yana saurayi. Ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki, ya gina rabin gidajen garin da hannunsa, amma ranar jana'izarsa har fadan coci sai da bakinsa ya suɓuce ya kira shi Sanda. Kafin azahar ɗin Litinin Malachy ya ji a kantin burodi an fara ce wa Fergal "Hamsin".

Ya biya gidan Attracta da niyyar ya faɗa. Ya same ta a kicin, idanunta sun kumbura, ta ce ko kanti ba ta iya zuwa ba. Ta zuba masa shayi ta yanko masa burodi ta shafa man shanu.

"Yaya, kai da kake kusa da su, don Allah me yaron nan ya ce wa alƙalin? Na tambaye shi ya ƙi gaya mini."

Malachy ya dubi kofinsa. 

"Iska ta yi yawa, Attracta. Ban ji ba."

"Kai ma ka sha wahala jiya cikin ruwan nan. Ci burodin mana."

Ya ci. Bai taɓa jin kunyar kansa irin ta wannan rana ba, kuma duk da haka ya cinye.

Ranar Talata da hantsi sai ga motar Fergal a ƙofar garke. Tun kafin wasan ya yi alkawarin zai gyara fitilar da ke ɗauke wuta, kuma ya zo. Ya gaishe da kawunsa kamar kullum, ya jingina tsani.

"Kawu, riƙe mini nan. Kada ka saki ka ce iska ce."

Malachy ya kama tsanin da hannu biyu. Kallon takalman yaron ya fi masa sauƙi a kan kallon fuskarsa.

"Fergal, maganar ranar Lahadi..."

"Tumakin ubansa," in ji Fergal daga sama, yana murɗa waya. "Allah ya sani, da ba don inda muke ba da na fashe da dariya. A ina kake samo su ne?"

"Ashe ka ji."

"Kawu, a bayan kunnena kake. Shanun da ke gonar maƙwabta ma sun ji."

"To me ya sa ka yi shiru? Ka ji abin da ake faɗa a kanka? Uwarka ko kanti ba ta iya fita."

Fergal ya sauko, ya goge hannu a wando.

"Bar shi a kaina. Bayan Kirsimeti zan tafi Ostareliya, an yi mini hanyar aiki a Perth. A can wa ya san Hamsin? Kai kuwa a nan kake, a nan za a binne ka. In suka sani, ka gama shan shayi da daɗi a garin nan. Ga abin da ka je ka faɗa a rediyo, mita ɗari! Za su cinye ka ɗanye."

"Da ma ka shirya tafiyar?"

Yaron ya sunkuya yana harhaɗa kayan aikinsa.

"Da mun ci, da na ƙara shekara ɗaya ko biyu. Mu kare kofin." Ya kunna fitilar ya kashe, ya sake kunnawa. "Ta gyaru. Kada ka gaya wa Mama komai, ka ji? Fushi da ni zai wuce mata. Na ɗan'uwa ban sani ba."

Bayan motar ta tafi Malachy ya daɗe tsaye riƙe da tsanin da babu kowa a kai. Da yaron ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Abin da ya fi cin ransa shi ne, a can ƙasan zuciyarsa ya ji sanyi da aka ce ya yi shiru, kuma ya san ya ji.

Laraba ranar kasuwar shanu ce. Bai da abin sayarwa, amma ya je, don rashin zuwansa ma magana ce. A ɗakin shan shayi na kasuwar ya tarar da teburin ya cika, ƙamshin soyayyen nama da warin jiƙaƙƙun kwat sun haɗu. Packie Joe McTernan, abokinsa tun firamare, shi ke jan zance.

"Ga gwani nan ya iso! Ku matsa masa. Malachy, kwana uku ba mu ji ka ba, har mun fara fahimtar abin da Dessie Tighe ke cewa."

Aka yi dariya. Wani ya ce dokar ce ta yi tsauri, wani ya ce doka ba ta da laifi, bakin mutum ne. Wani dattijo ya ce shi tun da aka fara zana layuka barkatai a fili ya daina gane wasan. Sai Packie Joe ya juyo.

"Tsakani da Allah, mutumina, ba don ɗanka ne ba. Kai ka fi kowa son dokar nan. Me za ka ce game da Hamsin?"

Malachy ya ajiye hularsa a kan tebur. 

"Sunansa Fergal. Kuma bai ce uffan ba. Ni ne. Ni na zagi alƙalin, ina sanye da rigar ƙungiya. Ni ya nuna, yaron yana tsakaninmu ne kawai. Ni na kayar da Kilbrack."

Ana jin muryar mai gwanjo daga can cikin kasuwa. Malachy ya sunkuyar da kai yana jira, kuma a karon farko tun Lahadi numfashinsa ya sauka har ciki.

Packie Joe ya girgiza kai a hankali.

"Kai, Malachy. Kai!" Ya dubi sauran. "Kun gani ko? Wannan shi ake kira kawu. Mutum ya ɗauki laifin ɗan ƙanwarsa ya aza a kansa a gaban jama'a."

"Packie, na rantse maka..."

"Bar rantsuwa, kada ka ƙara wa kanka zunubi. Kai da ka haddace dokar nan kamar addu'a? Duk gundumar nan in akwai mutum ɗaya da ba zai yi wannan wautar ba, kai ne. Mun gani da idonmu, dattijo. Mu dubu nawa a rumfar nan?"

"Ba ku ji ba ne! Ku je ku tambayi alƙalin!"

"Mu tambayi wannan makahon? Allah ya sauwaƙe."

Dariya ta sake ɓarkewa, amma mai taushi, irin wadda ake yi wa mutumin da aka ƙara ganin girmansa. Dattijon nan mai maganar layuka ya miƙo hannu ya damƙi na Malachy ya girgiza. Wani ya buga masa baya. Wani daga ƙarshen tebur ya ce abin takaici ne a ce jini ɗaya ne, amma yaron bai ɗauko ko rabin halin kawunsa ba, kowa ya gyaɗa kai.

"Noreen!" Packie Joe ya ɗaga murya wajen mai sayar da abinci. "Kawo wa mutumin kirkin nan cikakken faranti, a kaina. Ki ƙara masa ƙwai."

Aka ajiye farantin a gabansa yana tururi, aka tura masa cokali, su kuma suka ci gaba da maganar wanda ya kamata a ba kyaftin baɗi.