Ɗari Uku da Shida

Ranar Litinin hedimasta ya aiko mini da takarda a hannun 'yata Auta, wai ana nemana a ofishinsa ranar Alhamis da ƙarfe goma, jami'in ofishin ilimi na gunduma zai zo. Na karanta sau uku a tsaye a bakin shago. Na tambayi Auta me ya faru, ta ce ita dai an ce ta kawo, ta shige ciki da jakarta.

Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina kan keken ɗinki. A aji huɗu na bar makaranta. Bara ne ofishin gunduma ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin unguwa, kowace ƙungiya ta riƙa tura mutum makaranta bayan an tashi, ya taimaka wa yara da karatu. Masu kemis suka ɗauki kimiyya, kafintoci suka ɗauki zane, mu teloli aka ba mu lissafin awo. Da aka zo zaɓen wanda zai je, maza duk suka sunkuyar da kai kamar masu neman allura a ƙasa. Ni da bakina ba ya iya shiru na ce zan je.

Talata da Laraba, ƙarfe biyu zuwa huɗu, yara goma sha takwas 'yan aji biyar, har da Auta a can layin baya, wadda ba ta taɓa ce mini Mama a cikin ajin ba. Na saya wa kowa tef ɗin awo. Mun auna benci, mun auna ƙofa, mun auna kan hedimasta ranar da ya leƙo. Ranar da wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce "Malama," sai da na waiwaya in ga wa take kira. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamaci mace mai shekaruna.

Washegarin zuwan takardar, ranar Talata, na je aji kamar kullum, sai na tarar da ƙofa a kulle. Malamar lissafi ce ta tare ni a baranda, yarinya ce ƙarama mai gilashi, wadda tun farko ba ta son guntayen zaren da muke bari a ƙasa.

"Anti, an dakatar da ajinku sai bayan zaman Alhamis," in ji ta.

"Saboda me?"

"Jarrabawar gunduma. Akwai tambaya ɗaya da yaranki suka faɗi, kuma duk amsa ɗaya suka rubuta. Ko dai sun kwafi juna, ko kuma abin da ake koya musu ne ba daidai ba. A kan haka za a duba ko a sabunta yarjejeniyarku ko a soke."

"Wace tambaya ce?"

"Ba ni da izinin faɗa."

Na koma shago da zafin rana, ƙafata na sauri kamar akwai inda za ni. Na zauna a keke, na tashi. Na ɗauko rigar wata mata na ɗinke hannun dama a hagu, na farke, na sake ɗinkewa a hagun. Maƙwabcina mai gyaran takalma ya leƙo ya ce, "Yau keken naki tari yake yi ko?" Na ce ya ji da ƙusoshinsa.

Abin da ya fi cina shi ne ban san laifin ba. Na ɗauko littafin da nake rubuta darasi, na bi shi shafi-shafi. Mita santimita ɗari ce, ban ce casa'in ba. Rabin tamanin arba'in ne. To ina? Ranar Laraba na je gidan shugaban ƙungiyarmu sau biyu, ya ce in kwantar da hankali, alhali shi kansa tef ɗin wuyansa yake ta naɗewa yana warwarewa. Baban Auta ya ce, "Ke da kika ce ba a biyanki ko sisi, in an soke ai kin huta." Na kalle shi har sai da ya tashi ya ba ni wuri. Ban iya gaya masa ba cewa tsoron da nake ji shi ne a ce a gaban mutane mai aji huɗu ta lalata 'ya'yan jama'a.

Alhamis tun tara da rabi ina bencin ƙofar ofis, jakar aikina a cinya, don ban saba fita ba ita ba. Jami'in dogo ne, rigarsa ta ɗan matse shi a kafaɗa, kallo ɗaya na san wanda ya ɗinka bai bar rara ba. Ya shimfiɗa takardu a tebur, ya karanta mini tambayar.

"Ƙyallen tebur, tsawonsa santimita casa'in, faɗinsa sittin. Leshin gefe santimita nawa ake buƙata a zagaye bakinsa?"

"Ɗari uku da shida," na ce, tun bai rufe baki ba.

Malamar lissafi ta cire gilashinta. Hedimasta ya dafe goshi.

"Ɗari uku ne, Hajiya," in ji jami'in. "Yara goma sha bakwai cikin sha takwas sun rubuta ɗari uku da shida. Yanzu na san ba kwafa suka yi ba."

Sai a lokacin na gane. Duk abin da muka auna a ajin nan, na sa sun ƙara rarar ɗinki. Ban ma ɗauke shi darasi ba, shi ya sa bai shiga littafina ba. Haka aka koya mini, haka hannuna yake yi ko ina barci: ba a yanka yadi cif. Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi ya biyo bayanta, kuma haushin ya fi ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar."

Na zazzage jaka. Na yanki ƙyalle casa'in da sittin, na auna leshi ɗari uku daidai a gabansa, na sa ya duba tef da idonsa, na yanke. Na miƙa masa da fil-fil na ce bismilla, ya zagaye. Ya naɗe hannun riga, ya fara. Kusurwar farko ta ci nata, ta biyu ta ci. Da ya dawo inda ya faro, bakin leshin biyu suna kallon juna, tsakaninsu yatsa biyu. Ya ja, ƙyallen ya tattare.

"Kowace kusurwa tana cin santimita ɗaya," na ce. "Haɗin baki yana cin biyu. Shida ke nan. In na kai wa mai kaya ɗari uku, a fuskata za ta jefa mini."

Ya daɗe yana kallon giɓin, har ya ɗan yi murmushi. Na ɗauka na ci.

"Na gani, Hajiya, kuma ba zan yi miki gardamar ɗinki ba. Amma takardar amsa ɗari uku ta ce, kuma jarrabawar da za ta kai su sakandare ma haka za ta ce. Yara goma sha bakwai sun rasa maki. Zan ba ku zango ɗaya. In za ki iya koya musu amsar da takarda ke so, a ci gaba. In ba za ki iya ba, ki faɗa yanzu."

Bakina ya cika da magana. Na so in ce ya riƙe ajinsa, ni ba zan koya wa yaro abin da na san ba zai zagaye tebur ba. Na fara tattara fil-fil ina zubawa a gwangwani da ƙarfi. Sai na tuna ya ce goma sha bakwai.

"Ɗayan fa? Wa ya rubuta ɗari uku?"

Malamar lissafi ta zaro takardar ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Rubutun Auta ne. Duk 'ya'yan mutane sun saurare ni, tawa ce kaɗai ba ta ɗauki maganata a bakin komai ba. Na ce wa jami'in zan ba shi amsa gobe, na fito.

Na jira a bakin get har aka tashi. Muka kama hanya, Auta tana gefena. Sai da muka wuce shagon mai walda na kasa daurewa.

"Ke ba kya jin abin da nake faɗa a aji ne?"

"Ina ji."

"To me ya sa kika rubuta ɗari uku?"

"Ɗari uku da shida na fara rubutawa, na goge." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Na duba tambayar na ga wanda ya rubuta ta bai taɓa ɗinki ba, Mama. Ba leshi yake so ba, lissafi yake so. Sai na ba shi nasa. Namu na shago ne."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya har mai babur ya yi mini hon. Ban koma gida ba, na juya makaranta, na sami jami'in yana shirin shiga mota, na ce masa mun karɓi zangon.

Ranar Talata aka buɗe mana aji. Na raba allo gida biyu, na rubuta "takarda" a dama, "shago" a hagu. Na juyo zan fara bayani, na ga ban san ta inda zan kama na daman ba. Na kira Auta daga layin baya, na miƙa mata allin, na je na zauna a bencinta.