Zaren da Baba Ya Warware

Auta ta sake duba agogo. Saura minti biyar a buɗe ƙofa, ga shi Baba ya ɓace mata.

Ita ta matsa masa ya zo. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a wannan gini lokacin yana masaƙa, kafin a kwashe injina, a shafe bango da farin fenti, a mai da shi gidan baje kolin zane-zane. Yau ne karon farko da aka ba ta kusurwa guda. Wata uku ta yi tana cukurkuɗa jan zare da gangan, ƙulli kan ƙulli, ta rataye shi tun daga ƙarfen rufi har ƙasa, ta sa masa suna "Ranar da Aka Rufe". Shugabar gidan ta ce in baƙin yau suka yaba, zai kai ƙarshen shekara. In ba haka ba, gobe a sauke.

A kusurwarta ta same shi durƙushe. Ya ɗora hularsa a kan allon "Kada a taɓa". Kusan kamu uku na zaren sun riga sun miƙe sambal.

"Baba!" Ta ƙarasa wurinsa da sauri. "Me kake yi?"

"Ke dai riƙe min nan." Ko ɗagowa bai yi ba. "Wane malalaci ne ya bar wannan haka, ga baƙi na tafe? A zamaninmu da tuni ya ga takardar kora."

"Ni ce, Baba. Haka… haka aikin yake."

Yatsunsa suka tsaya, takwas ɗin da inji ya bar masa. Ya dubi zaren, ya dube ta.

"Ashe wata ukun nan da kika hana mu shiga ɗakinki, ɓarna kike ta yi?"

Ta jiyo ƙwas-ƙwas ɗin takalmin shugaba da muryoyin baƙi. Baba ya yunƙura zai tashi, ya lalubo hularsa, kunya ta lulluɓe shi. Rabon da ta ga hannunsa yana sauri irin na ɗazu, tun ranar da aka rufe masaƙar.

"Ikon Allah!" Shugaba ta ja ta tsaya. "Wannan kuma wane ne?"

Auta ta dubi Baba. Ta kife allon, ta durƙusa, ta kama bakin zaren.

"Abokin aikina ne," ta ce. "Ci gaba, Baba. Na riƙe."

Ya mai da hular ya ajiye.

"To ja da kyau mana," in ji shi. "Hannu sai ka ce mai jin barci."