Hancin Alhaji Bukar

Shekara talatin Alhaji Bukar, mutumin Damagaram, yana sayar da turare a bakin kasuwar Nima, kuma bai yarda akwai hancin da ya kai nasa a duk Accra ba.

Wata Juma'a ya yi wanka, ya zuba babbar riga, ya ɗauki wata kwalba a kan taga ya shafe jikinsa har gemu. Bai san matarsa Abibata ta zuba kananzir a ciki ba. A masallaci ya ga sahu yana ta buɗe masa, ya ɗauka girmamawa ce. Sai amininsa Gajere tela ya raɗa masa, "Alhaji, in an sallame, don Allah kada ka bi ta wajen mai gasa masara."

A gida kowa ya yi dariya har da hawaye, ban da 'yarsa Rahma, wadda ke aikin jinya. Ta tuna kakanta da baffanta, duk rawar hannu ta kama su da tsufa.

"Baba, yaushe rabonka da jin ƙanshin abincin Mama?"

"Ai uwarki ce ta rage kayan miya."

"Ni?" in ji Abibata. "Jiya miya ta ƙone a gabanka, kana ta jan carbi!"

Da ƙyar Rahma ta sa shi a motar haya ta trotro zuwa asibiti. Likita ta miƙo masa ƙananan kwalabe, ta ce ya shinshina. Alhaji ya gyara zama, yau an zo fagensa. Ta farko ya ce miski ne, ashe tafarnuwa ce. Ta biyu ya ce ruwa ne zalla, ashe citta ce. A ta uku ya ce kayan asibitin nan duk jabu ne.

Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ta lura hannunsa na hagu ba ya lilo.

"Natsuwa ce irin ta manya," in ji shi.

Likita ta yi murmushi. Ta ce rashin jin ƙanshi kaɗai ba ya nufin cutar Parkinson mai kawo rawar hannu, amma da hannun nan da tarihin gidansu, gara a riƙa duba shi duk wata shida, ya kuma dage da motsa jiki. Alhaji ya tuna yadda mahaifinsa ya kasa riƙe kofin shayi.

Washegari ya fara takawa daga Nima zuwa Kawukudi, yana wurga hannuwa kamar soja. Ya ja Gajere ya raka shi. Gajere, da ko ciwon kai ba ya yi, shi ne ya zube a kan bencin mai koko tun ba su kai rabin hanya ba, yana roƙon a kira masa Rahma.