Ba Tana Ba Ce

Bakina ne ya jawo mini, ba na musu. Ni dai ba na iya jin an kira abu da sunan da ba nasa ba in yi shiru.

Shekara goma sha tara ina haɗa ƙasa a gidan sayar da furanni: busasshen ganye, kashin shanu, yashi kaɗan, a juya, a jira. Ran nan wata mata ta zo sayen fure, ina sauya masa tukunya, sai wani abu ya zubo daga cikin saiwa. Baƙi ne sirit yana ƙyalli, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba.

"Tana ce, ranki ya daɗe," in ji sabon manajanmu, yana washe baki.

"Maciji ne," na ce.

Matar ta daka tsalle, ta nufi ƙofa da takalmi ɗaya a hannu.

Na ɗora shi a tafin hannuna na nuna wa Manaja. "Duba harshensa. Tana tana da harshe ne? Amma ba shi da dafi, bakin ma bai isa ya ciji mutum ba. Ƙwan tururuwa da na gara yake ci, shi ya sa saiwar furenka take lafiya. Kuma duk mata ne, su yi ƙwansu ba su jiran kowa."

Na ɗauka zai yi dariya. Ina! Sai ya shiga ɗakin ajiya ya fito da jarkar kananzir.

"Inna, ko ki bi matar nan ki ce kin yi kuskure, tana ce, ko ki zuba wannan a tarin ƙasar nan duka. In ba ki yi ko ɗaya ba, ki ba ni makullin gidan nan, kin bar aiki."

Ba ni da wani aikin, kuma wa zai ɗauki mai furfura? Amma raina ya ɓaci. Yaron da bai san ƙamshin ƙasa mai rai ba, shi ne zai sa in kashe ta da hannuna.

"Maciji ne, ɗana," na ce. "Kuma ba zan zuba ba."

Ya miƙo hannu.

Na kwance makullin daga bakin zanena. Na je gaban tarin ƙasar, na saki macijin ya nutse abinsa. Sannan na cusa hannu har gwiwar hannu, na bar makullin can ciki, na kakkaɓe yatsuna.

Manaja ya tsaya yana kallon ramin, bai matso ba.

"Yana ciki," na ce. "Sa hannu ka ɗauko. Ai tana ce."