Tayoyin da Na Saya wa Kassim

Da safe na ce wa Kassim ya fito da katkat, motar nan mai shiga daji, yau za a sake mata tayoyi. Ya dube ni da mamaki, don tun rasuwar babansu yake yi mini maganar tayoyin nan ina kau da kai. Motar tasa ce, shi ta faɗo wa a rabon gado, amma har yanzu ita ce ƙafar gidanmu. Ita ke kai mu gona a Zermu, ita ke kwaso hatsi, ita ke kai tsohuwata asibiti in ƙafafunta sun kumbura. Tayoyin kuwa sun cinye sun yi sumul kamar tafin hannu.

Ba don damina na tashi tsaye ba. Ƙanwarsa Safiya ce ta tsegunta mini cewa ya gama magana da wasu samari, zai kwashe su zuwa Jado wurin haƙar zinariya, can bayan Agadas inda ba komai sai rairayi da duwatsu. Ɗan maƙwabciyata ya bi hanyar nan, har yau uwarsa in waya ta yi ƙara sai ta zabura ta ɗauka. Ni kuwa ɗa namiji ɗaya gare ni. Na san in na ce kada ya tafi, zai sunkuyar da kai ya ce to, sannan ya yi abin da ya ga dama, halin ubansa ne sak. Shi ya sa na ƙudura in ɗaure shi ta ƙafar mota. Ni zan sayi tayoyin, ni zan zaɓa.

Shagon Ɗanladi mai taya yana kusa da tasha, tun zamanin maigidana can muke zuwa. Ko gaisuwa ba mu gama ba Kassim ya wuce wurin wasu manya-manya masu haƙora zaƙo-zaƙo, yana shafa su kamar mai zaɓen ragon layya. Na yi kamar ban gani ba.

"Hajiya, iri biyu ne za su shiga motar nan," in ji Ɗanladi. Ya mirgino guda gabana. "Waɗannan masu sauƙi ne, haƙoransu ƙanana. A kwalta shiru suke tafiya, ba sa sa mota shan mai. Hanyar ƙauye kuma, jar ƙasa ko ɗan yashi ko taɓon damina, duk suna riƙewa. Motar iyali dai su nake ba ta."

"Waɗancan da yake shafawa fa?"

"Na masu shiga Sahara ne. Gefensu kauri gare shi, ana rage musu iska a hau rairayi, dutse bai cika yanka su ba. Amma a gari wahala ce kawai, ga ƙugi ga girgiza."

"To mu Zermu muke zuwa, in mun yi nisa Mirriya wurin suna. Sa mana masu sauƙin."

Kassim ya juyo. "Inna, masu kaurin sun fi jure wahala."

"Wace wahalar? Ina za ka da su?"

Na kafe shi da ido, ina jira ya faɗa a gaban mutane in ya isa. Ya sa hannu a aljihu ya koma gefe.

Aka ba ni benci a inuwa na zauna. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina, na ce yau na yi maganin yaron nan ba tare da an ɗaga murya ba. Aka ɗaga motar, aka kwance tsofaffin tayoyin aka jibge su a bakin hanya, aka shiga sa sababbi.

Sai ga tsohon nan da ke zagaya shagunan taya da keken tura kaya. Shi yake kwashe tsofaffin tayoyi, ya yanka takalma da su, ya yi kwamin shayar da awaki. Kowa bar masa yake yi, wa zai koma gida da taya da ta mutu? Ya sunkuya zai ɗauki ta farko, Kassim ya taka ta da ƙafa.

"Yi haƙuri Baba, waɗannan ba na bari ba ne."

Ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya zuwa jikin mota. Ya buɗe baya ya ɗauko igiya, sabuwa ful, wadda ban san da ita ba. Ya hau bisa ya fara jera su.

Na miƙe daga benci.

"Kassim, sauko."

Ya sauko.

"Me za ka yi da su?"

"Na ko-ta-kwana ne, Inna."

"Duka huɗun? Zuwa Zermu?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi Ɗanladi, sannan ya dube ni. Da ya yi tsawa ma da ya fi mini sauƙi. Muryarsa a kwance take.

"Na ba mutane baki, sun shirya, ni kawai suke jira. Na gaji da zaman kawo wannan kai wancan, Inna, sa'o'ina duk sun kama gabansu. Da na so in tafi da masu kauri, amma abin da kika sa shi zan taka. In sababbin suka fashe sai in mai da tsofaffin."

Mutanen shagon kowa ya sami abin kallo a hannunsa. Na juya wurin Ɗanladi, yana ta goge yatsu da tsumma alhali ba abin da ya rage a jikinsu.

"Ɗanladi, tsakaninka da Allah. Waɗannan da na zaɓa, in an shiga can da su?"

"Hajiya, ni taya nake sayarwa..."

"Tambayarka na yi."

"Har Agadas ba abin da zai same su. Daga can ne. Dutse ta gefe yake kama taya, su kuwa gefensu ba kauri. Kuma ba wurin da za a zauna jiran mai faci ba ne, ruwan da ke cikin mota shi ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in wanke yaron nan da mari a gaban kowa. Magana ɗaya ta rage mini, wadda kowace uwa take da ita: in ce in ya taka hanyar nan ban yafe ba. Ta zo har bakina. Na dubi fuskarsa na ga ko na faɗa tafiya zai yi, ya tafi da ita a kansa. In wani abu ya same shi a can, ita ce maganar ƙarshe da ya ji daga bakina. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na haɗiye ta da ƙyar.

An riga an ɗaura biyu, motar na nan a ɗage.

"Ɗanladi, cire su."

"Hajiya?"

"Ba su taɓa ƙasa ba ai. Cire, ka sa masu kaurin. Ka ƙara ɗaya a bisa, sabuwa. Waɗancan matattun kuma a sauko wa Baba da abinsa."

"Inna..." in ji Kassim.

"Kada ka kuskura ka yi mini godiya. Ba na so."

Na koma benci ina kallo ana kwance waɗanda na zaɓa. Hawaye suka zo, na ja mayafi na goge, na ce wa matar da ke kusa da ni hayaƙin tasha ne.

Da aka gama ya hau bisa zai ɗaure sabuwar. Igiyar tana ta zamewa, shi kaɗai ya kasa jan ta ya ƙulla. Ya duba ko wani zai kama masa, duk sun koma aikinsu. Na tashi na kama bakin igiyar da hannu biyu.

"Ja sosai," na ce masa. "Hanyar ba kyau."