Ranar da Abu Wisam Ya Ɓata Ƙofa

"Nahida, buɗe mana! Wa ya sauya wa ƙofar nan fenti?"

Umm Batul ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa ta fito. Maƙwabcinta ne, Abu Wisam, cikin gajeren wando da rigar gudu, ya jingina goshinsa da ƙofarta. Nahidar da yake kira matarsa ce, ta daɗe da rasuwa.

Tun yana saurayi yake gudun dogon zango a Basra. Da furfura ta zo bai daina ba, ya koma cikin tsofaffin da ke zagaya bakin kogi da gudu bayan sallar asuba. Ranar kuwa ya makara, sai da rana ta take ya fita shi kaɗai, ga iskar teku ta kwanta a kan gari, mai ɗumi da danshi, wadda gumi ba ya bushewa a cikinta.

"Abu Wisam, nan gidana ne. Naka na gaba."

Ya dube ta da idanun da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta kai hannu don ta tare shi, ta ji damtsensa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Sai ya sulale ƙasa.

"Batul! Ki fito, kawunki ya faɗi!"

Batul 'yarta ce, ita ke duba lafiyar 'yan wasan wata ƙungiyar ƙwallon mata. Ta durƙusa ta taɓa wuyansa.

"Kawu, yau wace rana?"

"Kar ki cika wa shayin sukari," in ji shi.

Kafin nan maƙwabta sun cika tsakar gidan. Wani ya ce gajiya ce, ai ga shi yana gumi, a ba shi ruwa. Wani ya tafi tado mota.

"Kar a ɗura masa komai, zai shaƙe," in ji Batul. "Gumin nan kada ya ruɗe ku, zafi ya taɓa masa kai. Ku kira motar asibiti, amma ba zai bar nan ba sai ya huce. Mama, kawo robar wankan yara."

Suka jawo babbar robar da jikoki ke wasan ruwa a ciki. Ruwan tankin saman soro ya yi zafin da zai dafa ƙwai, sai kowa ya ruga gidansa. Wannan ta kawo gorunan ruwan sanyi, wancan ya kinkimo sandar ƙanƙara daga bakin titi, wata tsohuwa ta zo da kifinta daskararre ta ce shi ma sanyi ne. Aka zaunar da shi, ruwa har wuya, Batul na motsa ruwan da hannu.

Sanyin na ratsa shi ya fara kokawa. Maza biyu suka kasa danne shi.

"Nahida! Ina kike? Za su kashe ni!"

Umm Batul ta dubi matan da ke tsaye, ta gyara mayafinta. Ta zagaya bayansa, ta zura tawul ta ƙarƙashin hammatarsa, ta tallafe kansa.

"Ga ni nan. Zauna, kai da ba ka jin magana. Wa ya aike ka gudu a wannan rana?"

Ya yi laƙwas. "Kin fara faɗan ke nan," in ji shi, ya bar ruwan ya yi aikinsa.

Washegari ya farfaɗo a asibiti. Da Umm Batul ta je duba shi ta tarar fuskarsa ta kumbura, amma idanun sun dawo nasa.

"Umm Batul, an ce na kira ki da sunan da ba naki ba. Ki yafe mini."

"An kuma ce na amsa. Mun yi kunnen doki."

Ya yi murmushi.

"Na ji muryarta, wallahi. Har da tsiwar."

"To Allah ya ji ƙanta, ya ba ka lafiya. Ka tashi, 'yan'uwanka tsofaffi masu gudu na tambaya."

Bai tashi ba. Likita ya faɗa wa Batul ruwan ne ya dawo masa da hankalinsa, amma ya jima yana yawo cikin unguwa da zafin nan a jikinsa kafin ya iso ƙofarsu, ƙoda da hanta sun riga sun ji jiki. Ɗansa Wisam ya iso daga Bagadaza, ya samu suka gaisa, suka yi magana mai tsawo. Ranar Alhamis da hantsi Abu Wisam ya cika.

Bayan an tashi zaman makoki, Umm Batul ta fito da sassafe tana yayyafa ruwa a ƙofar gida. Ta ji takun ƙafafu daga kan kwana. Tsofaffin nan ne masu gudu, yau sun bar bakin kogi sun biyo ta lungu, kowanne da gorar ruwa a hannu. Da suka zo daidai baƙin ƙyallen sanarwar rasuwa da aka rubuta sunan Abu Wisam aka rataye a jikin bangon gidansa, na gaba ya sassauta, sauran ma suka sassauta. Suka wuce gidan da tafiya, a hankali. Ta ɗauke bokitinta ta ba su hanya.