Siracen Inna Rahamatu

"Wato ba ka ma gwada ta ba?"

"Haba Yasira, wa yake gwada kyauta? Sai in kawo wa Inna saura?"

"To, Allah ya sa mu ji alheri. Hancin Inna ko a toshe ya fi naka aiki."

Surajo ya yi dariya, ya ƙara rungume ƙunshin da ke hannunsa. A zauren gidansu Yasira suke tsaye, a Wara, bayan la'asar. Shi ma'aikacin ofishin gona ne a Yelwa, amma da an tashi aiki sai ya tuɓe rigar ofis ya zauna gindin mangwaro da gizago da wuƙa, yana sassaƙa abin da ya raɗa wa suna tukunyar sirace. Kamar ɗan turmi take, da murfi mai dogon baki. A ciki ake sa gwangwani, a zuba tafasasshen ruwa da ganye, mai mura ya kafa hanci ya shaƙa, ba sai an lulluɓe shi da bargo yana ihu ba. Yakan ɗora hotunansu a waya, matan Yelwa su yi ta tambaya.

Wannan kuwa ba ta sayarwa ba ce. Ranar Juma'a manyansa za su zo neman auren Yasira wurin Baffa Ɗahiru, ƙanen mahaifinta, masunci mai saurin fushi wanda ba ya tsallake maganar mutum ɗaya a duniya: uwarsa, Inna Rahamatu. Ga Inna kwana huɗu tana fama da mura. Surajo ya ga Allah ne ya buɗe masa ƙofa. Ya zaɓi jan madaci, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya zana ƙananan furanni a murfin, duk fure ɗaya da sunan Yasira a bakinsa.

Suka iske tsohuwar a tsakar gida kan tabarma, ta ɗaure kai da ɗankwali biyu.

"A'a, Mai Gizago ne? Mi ka kawo min, turmin dakan aljanu?"

"Magani ne, Inna," ya ce yana durƙusawa.

Yasira ta kawo ruwan zafi. Ya jefa na'a-na'a da kanumfari da 'yar citta, ya rufe, ya miƙa da hannu biyu. Ƙamshi ya tashi mai daɗi, har Yasira ta saci kallonsa ta gefen mayafi, kallon da ya sa ya ji ko yanzu aka ce ya mutu ya gode.

Sai itacen ya ɗauki zafi.

Wani ƙarnin kifi ya taso, da farko ya zaci daga maƙwabta ne. Amma ƙarnin ya yi ta kauri, ya danne kanumfari, ya kori na'a-na'a, ya cika tsakar gida. Wata kyanwa ta diro daga katanga ta zauna gaban Inna cikin ladabi.

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta lumshe ido ta ja numfashi mai tsawo.

"Karfasa," ta ce. Ta sake ja. "Kurungu. Ga kwalta can ƙasa." Ta yi atishawa uku a jere, ta juya murfin, ta kai farce kan wani ɗigon koren fenti da ya maƙale a ramin ƙusa. "Yaro, ina ka samo wanga icce?"

"A bakin ruwanku, Inna, sati uku da suka wuce. Wani tsohon jirgi ne aka kife aka yar, katakon yana gefe yana lalacewa. Na ce madaci irin wannan bai kamata..."

Yasira ta toshe baki da mayafi. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Aka yar," in ji Inna, tana jinjina kai. "Ɗan birni! Jirgi in an kihe shi, shanya shi aka yi, shi bushe a mai da mai katakonai. Jirgin Ɗahiru ne. Sati uku yana aron na mutane kamar baƙo. Ya yi faɗa da maƙwabcinai, ya daina gaisawa da surukinai, ya ce ranar da ya kama ɓarawon sai ya kai shi tsakiyar tafki ya tambaye shi ko ya iya ruwa."

Surajo bai iya ruwa ba. Ko a kwale-kwalen fito idonsa a rufe yake ƙetarewa.

"Sauran katakon fa?" Yasira ta tambaya da ƙyar, hawayen dariya na zuba.

"Tukwane shida na fitar," ya ce a hankali. "Biyar suna Yelwa."

Sai a lokacin ya gane saƙon da Hajiya Zakiyya, wadda ta sayi ɗaya, ta turo masa jiya, wanda ya ɗauka yabo ne: "Malam Surajo, maganin naka da romo yake zuwa?"

Sallama ta tashi daga zaure, murya mai kauri. Dariyar Yasira ta ɗauke. Ta dube shi, wannan karon da tsoro sosai, don ta san Baffanta: zai iya yafe katako, amma in ya ji labarin a bakin wani, babu manyan da zai saurara ranar Juma'a.

Inna ta yi wuf ta tura tukunyar ƙarƙashin mayafinta.

"Ni tsohuwa ce mai mura," ta raɗa, idonta na ƙyalli. "Ban ji komi ba. In ka so mu yi shiru, mu yi."

Baffa Ɗahiru ya shigo da fitilar kamun kifi a hannu, ya tsaya, ya buɗa hanci.

"Wa ya dafa kifi bai kira ni ba?"

 Tururi na fita ta wuyan mayafin Inna, kyanwa na kewaya ta tana kuka, ita kuwa ta kafe ido a sama kamar mai lazimi.

 Surajo ya dubi Yasira sau ɗaya. Sannan ya ja jiki gaban Baffa, ya cire hula, ya durƙusa.

"Baffa, ba kifi ba ne, jirginka ne. Ni na ɗauke katakon. Gobe zan zo da sabon madaci in buga shi da hannuna, kuma ranar da za a mai da jirgin ruwa, ni zan fara shiga."